Ƙananan Farantan Madam Katina

Ba zan ɓata lokaci kan yadda na bar Ƙonni ba. Na bar ta, shi ke nan. Shekarata ashirin, ga diflom ɗina na kwaleji a cikin leda, ga shi na iya buga tafireta da yatsu goma. A ganina duniya jira na kawai take yi.

A Faraku na shiga jirgin ƙasa mai zuwa Kwatano. Zamanin tutar Benin koriya ce da jan tauraro a kusurwa, kowa kuma kamarad ne, wato abokin gwagwarmaya, daga mai duba tikiti har mai tallan lemo. Kusa da ni wani mutum ne cikin kaki mai guga, da alƙaluma uku a aljihun gaba. Kafin mu yi nisa ya san sunana Habsu, ya san abin da ya fito da ni. Wai yayansa babba ne a wani ofishi a tashar jiragen ruwa, kuma sakatare suke nema ido rufe.

"Kawo diflom ɗin da hotunanki, kamarad. Gobe war haka suna kan teburinsa."

Wata tsohuwa da ke fuskantarmu ta taɓa gwiwata. "'Yata, tsaya ki ji..."

Na ce, "Iya, ba da ke ake ba."

A Bohikon mutumin ya sauka zai sayo mana ruwa. Har yau bai gama sayowa ba.

Haka na iso Kwatano, daga ni sai akwatin kwano. Wani mai goro ya gan ni zaune a bakin tasha, ya ji Hausa a bakina, ya raka ni Zongo, unguwar Hausawa, ya damƙa ni ga Inna Mairo mai tuwo. Basakkwatiya ce, ta fi shekara talatin a unguwar. Ba ta tambaye ni 'yar wace ce ba. Ta ajiye mini malmala biyu, ta shimfiɗa tabarma kusa da gadonta, ta ce, "Ci ki kwanta. Magana ba ta ruɓewa."

Garin bai karɓe ni ba. Komai a jiƙe yake, har gishirin cikin kwalba. Ka shanya zane ya kwana biyu yana warin ruwa. Ko'ina ƙaurin kifi. Nakan farka ina marmarin furar gidanmu har yawuna ya tsinke, amma ko Inna ban gaya wa ba, don a lokacin gani nake kewa aikin ragwaye ne. Na zaga ofisoshi har takalmina ya cinye. Ba diflom, ba kuma 'yar ƙasa ba. Kowa sai ya ce, "Ki dawo, kamarad." A ƙarshe wani tsohon marubucin wasiƙu a unguwar Jonke, wanda idonsa ya fara mutuwa, ya ba ni teburinsa da tafiretarsa a gindin wata bishiya bakin titi. Nan nake buga wa mutane wasiƙu da takardun roƙo. In ruwa ya sauko in rufa wa tafiretar leda, ni in jiƙe.

Gida kuwa ga abin da na rubuta musu: ni ce sakatare a tashar jiragen ruwa, da fanka a kaina da tarho a gefena. Shekara guda ina ƙara wa ƙaryar nan gishiri.

A gindin bishiyar na san Madam Katina. 'Yar Girka ce, gajeriya mai jiki, ƙafafunta kullum a kumbure. Mijinta makanikin jirgin ruwa ne, a nan ya mutu, ita kuma ta buɗe ɗan wurin cin abinci a bayan Jonke, rumfar kwano da tebur shida, ma'aikatan jirage ke cika shi. Takarda biyu na buga mata. Ta farko jerin abincinta ce. Ta fara faɗa mini da faransancinta mai ɗingishi, "Meze, kin gane, shi ne lokacin da..." Na katse ta. Na ce, "Madam, faɗi haruffan kawai, akwai mutane a layi." Ta biyu kuwa takardar roƙo ce, a sabunta mata izinin zama a ƙasar, don nata ya ƙare da daɗewa. Tana faɗa tana share hawaye da bayan hannu. Da na gama ta riƙe wuyan hannuna ta ce, "Tsakaninmu." Na ce, "Ni ba na yawo da maganar mutane."

Ana nan sai ga Kawu Sanda, ƙanen uwata, ya kawo motar albasa kasuwar Dantokpa. Bai yi kwana-kwana ba.

"Uwarki ta ce in gani da idona. In yadda kike rubutowa ne, in bar ki. In ba haka ba ne, jibi akwai wuri a gaban mota."

Komawa Ƙonni a motar albasa, ba diflom, ba komai, ga waɗanda na yi wa kallon raini ranar da zan taso! Na ce masa ofishinmu a rufe yake, ana taron juyin juya hali, kuma ba a barin baƙo ya wuce ƙofar tasha. Amma gobe zan kai shi inda mu ma'aikata muke cin abincin rana.

Inna ta ce, "Da na tuƙa masa tuwo, ga kuka sabuwar daka, ga man shanu."

Na ce, "Haba Inna. Mutumin da ya taso tun daga Ƙonni, tuwo za a nuna masa?"

Tuwon da ya riƙe ni shekara guda ke nan. Ta dube ni, ta ce, "To."

Na ruga wurin Madam Katina. Na ce, "Gobe bayan azahar, mutum uku. Babban baƙo ne, kawuna. Meze babba, da sublaki." Sublaki kam na sani, tsirensu ne, ina jin ƙanshinsa daga titi. Meze kuwa sunan kawai na sani, na dai ga shi ne a saman takarda. "Ba alade, ba giya."

Ta tafa hannu don murna. "Kawunki! Daga ƙasarku! Zauna in gaya miki yadda muke yi. Da farko..."

"Na sani, Madam. Ni na buga takardar, ko kin manta?"

Na fice.

Washegari na sa siket da farar riga da takalmi mai tsini na gwanjo. Inna ta ciro atamfarta ta ƙasan akwati, tana ƙanshin kafur. Kawu ya zuba babbar riga. Tun daga ƙofa ya ja tunga, yana kallon kwalaben da ke teburin wasu Turawan jirgi su huɗu.

"Ke Habsu, wa ya yanka dabbar?"

"An kula da wannan, Kawu." Ban ko tambaya ba.

Madam ta tarbe mu kamar ta ga 'yan'uwanta. Ta zaunar da mu, ta shiga ciki, ta fara fitowa da farantai. Kowanne bai fi tafin hannu ba. Wannan zaitun baƙi, ƙwaya kaɗan. Wannan kindirmo mai kauri da kokwamba da tafarnuwa. Wannan gasasshen yalo an dake shi ya koma kamar kunun da ya kwana. Ƙananan kifaye. Wake a cikin mai. Wani burodi fale-fale kamar gurasar da ba ta tashi ba. Ta jera su duka a tsakiyar tebur, ba na kowa daban.

Kawu ya leƙa wani faranti mai shinkafa naɗe cikin ganye, 'yan dunƙule-dunƙule kamar yatsa.

"Wannan laya ce? Ci ake yi ko ratayawa?"

Inna ta toshe dariya da mayafi. Ta nuna wani farin abu da haɓa. "Wancan dai na gane shi. Wagashi ne, cukun Fulani, irin wanda ake tallansa a bakin Dantokpa."

Na kawo kawuna cin abincin Turawa, an ajiye masa cukun talla.

Babu wanda ya miƙa hannu. Kawu tun da ya girma bai taɓa haɗa kwano da mata ba. Inna ba za ta tauna abu a gaban baƙon namiji ba ko za a kashe ta. Ni kuma ba zan riga manya ba. Ga Madam tsaye a kanmu, hannu a kan ciki, tana murmushi tana cewa, "Ku ci, ku ci!" Mu kuwa a wurinmu, in ka ajiye wa baƙo abinci sai ka ba shi wuri. Ta koma ciki, na ce yanzu nama zai fito. Ta dawo da wasu ƙananan farantan. Ta leƙa na farko, ta ga ba a taɓa ba, murmushin ya ɗan rage. Ta sake komawa. Ƙudaje suka fara zagaye. Na ji agogon bango yana tafiya a cikin kaina.

Sai ga mai gasa mata nama ya wuce ta gabanmu da tire, nama tuli guda yana tururi, ya dire a gaban Turawan nan.

Kawu ya bi tiren da ido. Ya ce a hankali, ba da fushi ba, "Hala a nan sai mai jan kunne ake ba nama."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Da faransanci na yi, da ƙarfi, don kowa ya ji na yi makaranta. Na ce mu ba kaji ba ne da za a watsa mana tsaba. Na ce ta ga baƙar fata ta kwaso mana ragowar kicin. Ta ɗaga hannu tana cewa, "Habsu, tsaya, naman yana..." Ban tsaya ba. Ban taɓa tsayawa ba.

"Wancan zamanin ya wuce, kamarad! Kin ɗauka na manta izinin zamanki ya mutu? Gobe delege zai ji!"

Delege shi ne wakilin kwamitin juyin juya hali na unguwa. A shekarun nan kalmarsa ɗaya kan sa a rufe shago, a sa baƙo a jirgi. Kowa a rumfar ya san haka. Mai gashi ya tsaya da fifita a hannu. Turawan suka daina tauna. Madam ta dafa bakin tebur, fuskarta ta koma kamar tokar murhu.

Na ce, "Ku tashi mu tafi."

A hanya Kawu ya tambaye ni me na gaya mata. Na ce na ƙwato mana mutuncinmu ne. Inna tana gaba, ba ta waiwayo ba. Tana jin faransancin kasuwa sarai.

Da muka isa gida ta shiga ɗaki ta fito da kwano a rufe. Ashe tun da asuba ta tuƙa tuwonta ta ajiye, ba ta gaya wa kowa ba. Tana cikin ɗumama miya, bayan la'asar, muka ji matan layi suna cewa, "Ga Baturiya, ga Baturiya!"

Madam Katina ce. A ƙasa ta tako tun daga Jonke, cikin rairayin Zongo, da ƙafafun nan nata. Ta rungumo babban tire rufe da farin ƙyalle, gumi ya jiƙa mata riga har baya. Mai nuna mata gida Ɗantani ne, mahaucin bakin masallaci, yana tafe yana zuba.

"Salamu alaikum! Inna, baƙuwarku. Ai ni na san ta. Yau da sassafe ta zo, ta tsaya a kaina sai da na yi bisimilla na yanka ragon a gabanta. Wai na kawun wata 'yarta ne. Har sabuwar ragar gashi ta saya wurin maƙeri, ta ce tsohuwar ta taɓa abin da ba ma ci. Alhaji, kai ne kawun? Ka more!"

Kawu ya sa aka shimfiɗa mata tabarma, aka kawo ruwa. Ta sha, ta yaye ƙyallen. Tsire ne jere a kan tsinke, da haƙarƙari, da lemon tsami a yanke, ƙanshin wani ganye yana tashi. Ta fara magana.

Kawu ya ce, "Me take cewa? Fassara."

Inna ta ce, "Kuma daidai. Ina ji."

Haka na tsaya a tsakar gida cikin takalmi mai tsini, ina juya maganarta da bakina. Ta ce a garinsu ƙananan farantan nan su ne meze. Na zama ne da hira, kowa ya sa hannu a na kowa. Gwargwadon girman baƙo, gwargwadon yawan farantai. Namu irin na biki ta yi. Nama kuwa ba a ɗora shi a wuta sai an ga farantan sun yi ƙasa, don ya iso da zafinsa. Turawan can sun fi awa biyu a zaune kafin nasu ya fito. Ita tana jira mu ci ta gasa, mu muna jira ta gasa mu ci.

"Na so in gaya miki jiya," in ji ta. Wannan ma na fassara.

Ta ce naman na baƙona ne, ba za ta sayar wa wani ba. Sannan ta juya ga Kawu, don ta faranta masa rai, ta ce ya yi alfahari da 'yarsa. Duk Jonke babu mai buga tafireta kamarta. Rana ko ruwa, tana nan a gindin bishiyarta.

Wannan kam na tsallake shi, ban fassara ba.

"Ina jin ki," in ji Kawu.

Na faɗa. Gindin bishiya, bakin titi, duka.

Da za ta tashi ta matso kusa da ni, ta rage murya. "Delegen... za ki je?"

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Matar nan ta ɗauko tire ta ratsa gari, rabi don baƙona, rabi don tsoron bakina. Na girgiza mata kai.

Kawu ya ce, "Wannan na ƙarshen fa?"

Inna ce ta fassara masa. Ta haɗa da abin da na faɗa a rumfa, ba ta rage ko kalma ɗaya ba.

Ɗantani ya raka Madam ta sami taksi. Kawu ya daɗe yana kallon tiren.

"Zancen gindin bishiya," in ji shi, "direbobin albasa sun kai mana shi tun bara. Uwarki ta sani. In an karanta mata wasiƙar fanka da tarho sai ta ce, ku bar ta, kunya ce. Wa ya ce miki neman halal a gindin bishiya abin ɓoyo ne? Tun kafin in taso na yi niyyar barin ki. Yanzu ne ban sani ba." Ya ɗago ya dube ni. "Ke baƙuwa, ita baƙuwa. Ta ba ki amanar asirinta, kin kwance mata zane a kasuwa saboda tsire. A gidanmu kika koyo wannan?"



Inna ta raba naman. Ta zuba wa Kawu nasa a kwano daban ta kai masa zaure, ta aika wa maƙwabta, ta ajiye mini nawa. Ban iya taɓawa ba. Ta wanke tiren tas, ta jera malmalar tuwonta a kai, ta ɗora kwanon miyar kuka da man shanu yana yawo a sama, ta ƙulla goro a gefe.

"Ba a mai da kwano wayam. Ɗauki."

Na juya zan sake kaya. Daga zaure Kawu ya ce, "A'a. Da kayan ofis ɗin za ki."

Na yi gammo na aza a ka. Takalmin yana nutsewa cikin rairayi, miya tana barazanar zuba. Matan layi suka samu abin yi. "Sakatare, yau talla ake?" "Kamarad, nawa malmala?" A da da na wanke su tas. Ran nan na sunkuyar da ido na wuce.

Na tarar da rumfar ba kowa, Madam tana zaune ta tsoma ƙafafunta cikin bokiti. Na sauke tiren, na durƙusa kamar yadda ake yi wa uwa. Na ce ta yafe mini. Na ce ko da wuƙa a wuyana ba zan je wurin delege ba. Ba ta rungume ni ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Ta buɗe kwanon, ta shinshina miyar, ta danna tuwon da yatsa.

"Yaya ake cin wannan?"

Na nuna mata yadda ake gutsura, a murza, a yi masa ɗan rami da babban yatsa. Ta saurara har na gama, ba ta katse ni ba. Sannan ta miƙa hannu ta jawo ɗan farantin zaitun ta ajiye tsakaninmu. Na ɗauki ɗaya. Ɗaci da gishiri. Na haɗiye.

Na ce, "Madam, jiya kin ce da farko. Da farko me?"

Ta faɗa mini, tun daga teburin uwarta a wani ƙauye bakin teku. Ta daɗe tana faɗa. Na zauna har ta kai aya.

Da hantsi na sami Kawu a Dantokpa, ana ɗaure tamfol a kan motar. Na zo da akwatina, don ban san hukuncinsa ba. Na kuma zo da wasiƙa zuwa ga uwata, wadda na buga da sassafe a gindin bishiya: mutumin jirgi, diflom, tuwon Inna, tiren Madam. Ya sa na karanta masa a tsaye, a gaban 'yan dako. Ya ninke ta ya sa a aljihu. Ya dubi akwatin.

"Mai da shi. In na ɗauke ki yau, gudu kika yi. Wanda ya yi ɓarna a gari, a garin yake zama ya gyara."

Motar ta tashi ba ni a ciki.

Na ƙara shekara shida a Kwatano. Tuwon Inna ban sake buɗe baki a kansa ba sai don in ci. Madam Katina kuwa mun shirya. In na biyo ta ƙofarta sai ta ƙwala mini kira, ta ajiye mini ɗan faranti, mu yi hira, har wagashin na zo ina so. Ranar da izinin zamanta ya fito, ni ta fara nuna wa.

Amma akwai wani mai tafireta a tsallaken titi, tsoho, da yatsa biyu yake bugawa, layinsa a karkace. Duk lokacin da take da takarda, ina zaune a gindin bishiyata zan gan ta ta fito da ambulan a hannu. Ta ɗago mini hannu, ta yi murmushi, ta tsallaka wurinsa.